Wace ƙungiyar rok ta mutum uku ce ta fi iya kiɗa?

Malam, ka tambayi wadda ta fi ƙwarewa cikin ƙungiyoyin rok masu mutum uku. Fara duba inda gizo ke saƙar: jita ɗaya, bes ɗaya (wato jita mai kaurin sauti), sai ganguna. Da zarar mai jita ya bar kiɗan rakiya ya shiga nuna gwanintarsa shi kaɗai, tsakiyar sautin sai ya zama wayam. A sutudiyo ana iya ɗora jita ta biyu a toshe giɓin, amma a kan dandamali babu wannan rufin asirin.

Cream ta Ingila, daga 1966 zuwa 1968, da ƙarfi ta magance abin. Jack Bruce ya sa bes ɗinsa ya yi kaushi, yana yawo da shi kamar jita, Ginger Baker kuma yana taka manyan ganguna biyu. Baker ɗin nan ya taɓa zama a Legas, har ya yi kiɗa da Fela Kuti.

Sai dai a ganina kambun na Rush ta Kanada ne. Geddy Lee yana rera waƙa, hannunsa na kan bes, ƙafarsa na taka fedar Moog Taurus, wata na'urar kiɗa mai fitar da sauti mai kauri, duk lokaci guda. Mai gangunansu Neil Peart, wanda ya shigo a 1974, ya kasance yana juya awon kiɗa zuwa 7/8, wato bugu bakwai a kowane zagaye, ba tare da ɗayansu ya ɓata ba.