Amsar tambayarka a kan sabulun aski da askin suna

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da maijego da jariri, saƙonka ya iso mini nan Maradi, kuma na yi murna da ƙaruwar da aka samu, Allah ya raya mana shi. Ka ce ka sayi sabulun aski na jika 3 a wani kanti can Yamai, amma kumfarsa tana bushewa a fuskarka kafin ka gama gefe ɗaya, ga raɗaɗi bayan aski. Sannan ka tambaya ko al'adarmu ta ajiye wani sabulu na musamman da wanzami zai yi askin suna da shi, domin kana son a yi wa yaron abin da aka yi maka.

Zan fara da kumfar, domin idan ka fahimci aikinta sauran maganar za ta zo da sauƙi. Abin da ke tausasa gashi shi ne ruwa, kuma gashin gemu yana buƙatar minti 2 zuwa 3 yana jiƙe kafin ya yi laushin da aska za ta yanke shi ba tare da fizga ba. Aikin kumfa shi ne ta riƙe wannan ruwa a jikin gashin har a gama, ta kuma sa santsi tsakanin kaifi da fata. Saboda haka kumfar da ta tashi tuli guda da manyan ƙwayoyi kamar ta wankin tufafi ba ta da amfani a wurin aski, domin yawancinta iska ce, kuma a lokacin hunturu irin namu ba ta jimawa take mutuwa. Wadda ake nema ita ce mai kauri da sheƙi kamar kindirmo, wadda idan ka murza ta tsakanin yatsu biyu za ka ji suna zamewa.

Bambancin yana fitowa ne daga man da aka dafa sabulun da shi da kuma abin da aka dafa man da shi. Man alayyadi da man kwakwa suna ba da kumfa mai yawa nan take, amma ba ta daɗewa, kuma idan sun yi yawa suna busar da fata. Kitsen shanu da man kaɗe suna ba da kumfa mai nauyi wadda take zaunawa. Haka kuma sabulun da aka yi da soda yana da tauri, wanda aka yi da ruwan toka kuwa yana da laushi kuma yana saurin narkewa, shi ya sa sabulun aski na kirki a ko'ina yakan haɗa kitse da sinadarin da ke cikin toka. Mai yiwuwa naka ƙamshi da kwali aka sayar maka, kitsen kuma kaɗan ne a ciki. Amma kafin ka yanke masa hukunci ka gwada shi da wani ruwan, domin ruwan rijiya mai gartsi yana kashe kumfar kowane sabulu, kuma duk wanda ya taɓa wanka da ruwan sama ya san yadda ɗan guntun sabulu yake kumfa a cikinsa.

Lokacin da nake yaro a unguwar Bagalam, wanzamin gidanmu yakan zo da hantsin Juma'a da zabirarsa a rataye, ya shimfiɗa tabarma a zaure, mahaifinmu, wato kakanka, ya zauna a gabansa. Har yau ina ganin tsarin aikinsa a idona. Yakan ɗebi ruwan ɗumi a ƙaramin ƙoƙo ya jiƙa kan, ya yi ta murzawa da tafin hannu yana gaisuwa da tambayar mutanen gida, sai ya gutsuro sabulun salo wanda bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, ya narkar da shi a tafinsa, ya sake murzawa. Bayan haka ne yake juyawa ya wasa askarsa a jikin guntun fatar da yake wasa aska da ita, kuma wannan ɗan jinkiri, wanda mu yara muke ɗauka nawa ce, shi ne lokacin da gashin yake shan ruwa. Kumfarsa ba ta da tudu ko kaɗan, siririya ce kamar an shafa koko, amma askar tana tafiya ba ka jin ƙararta, kuma idan wani gefe ya fara bushewa sai ya tsoma yatsu a ƙoƙon ya sake jiƙa shi.

Ni kaina na bar wannan hanya na wasu shekaru lokacin da nake aiki, na koma sayen man aski na waje da buroshinsa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin kayan waje, ita ta mayar da ni ga sabulun salo, kuma ban sake barinsa ba. An ce araha ba ta ado, to amma a nan ta yi, domin curi ɗaya da nake saye a babbar kasuwa yana kai ni watanni.

Sai dai ka lura, ba kowane sabulun salo ne ya dace da fuska ba. Wanda tokarsa ta yi yawa yana cin fata, kuma ana gane shi idan aka ɗan taɓa shi da bakin harshe aka ji ya yi zafi kamar an tsikare ka. Ka nemi wanda ya kwana biyu da dafawa, ka daka shi, ka cuɗa shi da man kaɗe kaɗan, misalin cokali ɗaya a curin da ya cika tafin hannu, domin idan man ya yi yawa kumfar ba za ta tashi ba. Ka danna shi a cikin ƙaramin kwano mai murfi. Idan za ka yi aski ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi, ka haɗa kumfar kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo, ka bi kwanciyar gashi da reza, kada ka tayar da shi, domin gashinmu mai murɗewa ne, idan aka yanke shi ƙasa da fata sai ya koma ciki ya zama ƙuraje. Bayan ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka goga jiƙaƙƙen alif a inda ya yi jini.

Game da askin suna kuwa, al'ada ba ta ɗaure kowa a kan wani sabulu ba. Abin da aka sani shi ne a rana ta 7 a yanka rago, a raɗa suna, wanzami ya aske gashin da yaro ya zo da shi, kuma malamanmu sun ce an so a yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa ko zinariya. Wanzamin yana da haƙƙinsa na kuɗi da goro da kason nama, kada ka tauye masa. Gashin jariri laushi gare shi, ruwan ɗumi mai tsabta ya ishe shi, idan ma za a sa sabulu to ya zama ɗan kaɗan marar turare, kuma kada a kusantar da wannan naka na kanti ko sabulun salo mai zafi ga kansa.

Inda nake so ka tsaya da ƙafarka shi ne kaifin. A zamaninmu aska ɗaya ce take zagaye unguwa, ba mu san tana iya ɗaukar ciwon hanta da sida, wato ƙanjamau, daga jinin wani zuwa na wani ba, yanzu kuwa an sani. Ka sayi sabuwar reza da kanka, a buɗe ta a gabanka, wanzamin ya wanke hannunsa da sabulu, kuma ka zaɓi dattijo wanda hannunsa ya saba da maɗigar jariri. Faɗin haka ba raini ba ne ga sana'arsa, wanzaman kirki ma yanzu da kansu suke tambayar rezar. Innarka za ta taso ranar Laraba da motar safe, na ba ta curi biyu na sabulun da na riga na cuɗa da man kaɗe, ɗaya naka, ɗaya kuma ka miƙa wa surukinka tare da gaisuwata.