Kabeji da Sanyin Hunturu: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, bana na fara noman kabeji a fadama da kuɗin da na ranto. Sanyi ya tsananta, wani ya ce in sayi leda in lulluɓe shukar kada ta mutu. Wallahi ko barci ba na iyawa. Matashi daga Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, ka riƙe kuɗinka. Kabeji ɗan ƙasar sanyi ne, kakansa a gaɓar tekun Turai yake fitowa, kuma yanayin da ya fi so tsakanin digiri 15 zuwa 20 ne. Idan sanyi ya shigo a hankali, shi da danginsa irin su farin kabeji da burokoli sukan yi shiri. Suna tara sukari a cikin ganye, wanda ke hana ruwan jikinsu saurin daskarewa, yana kuma kare ƙwayoyin ganyen daga lalacewa. A shekarun 1990 Michael Thomashow na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke tayar da wannan shiri, a jikin wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, dangin kabeji. Manoman Turai kan bar wasu nau'o'in a gona har raɓa ta daskare a kansu, sai ma su ƙara zaƙi. Sanyin Zariya bai kai nan ba. Ledar nan kuwa, da rana ta take za ta dafa maka shuka. Ka ji tsoron iskar hunturu mai busar da ƙasa, da tsutsa, da zafin watan Maris. Ka sa kuɗin a ban ruwa. Allah Ya ba da amfani mai albarka.

Tambaya: A kasuwarmu akwai mai sayar da irin kabeji a ƙulle cikin leda, ya ce na gida ne, shi ya sa yake da araha. In saya? Manomi daga Katsina.

Amsa: Kada ka saya, Malam. Tambaye shi a gonar wa aka cire irin. Ka taɓa ganin kabeji ya yi fure a Katsina? Kabeji shuka ce ta shekara biyu: a ta farko ya dunƙule, ba ya kuma fitar da fure da iri sai ya sha sanyi mai ƙarfi na makonni da yawa a jere. Mu ba mu da wannan sanyin, shi ya sa irin da muke shukawa daga waje ake shigo da shi, a gwangwani ko fakiti. To abin da ke cikin ƙullin nan me ne? Ko tsohon iri ne da ya sha zafi a shago ya mutu, ko kuma irin wani dangin kabejin ne, domin ƙwayoyinsu duk ƙanana ne masu kama da juna, ido ba ya rabewa. Za ka yi reno, ka yi dashe, ka zuba taki, ka sayi mai a injin ban ruwa, sai bayan wata biyu ka ga ganye ya baje ya ƙi dunƙulewa. A lokacin sanyin ya wuce, mai ƙullin ma ya canza kasuwa. Abin yana ƙona min rai ƙwarai, mutum ya yi rowar kuɗin iri, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a cikin hidimar gona, ya jawo wa iyalinsa asarar noman rani ɗungurungum. Araha ba ta ado. Ka je wurin dillalin da ke da shago tsayayye, ka duba suna, ko Gloria ko Copenhagen Market, ka duba ranar lalacewa, ka tabbatar ba a taɓa buɗe gwangwanin ba. Wanda aka jera a rana bisa tebur, ka wuce shi. Ko na shagon ne, ka fara sa ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma. In mako ya cika ba su tsiro da yawa ba, mayar masa da kayansa.

Tambaya: Tunda kabeji na jure sanyi, in sayi buhu in zuba a firiza? Uwargida daga Kano.

Amsa: Haba Hajiya! Mai jure sanyi shi ne wanda ke tsaye a gona da saiwarsa. Firiza kan kai digiri 18 ƙasa da sifili, ƙanƙara za ta farfasa ganyen, ki fito da shi ya yi laɓo-laɓo, bai yi salak ba. Sayi na mako guda, ki sa a firji ba tare da kin yanka ba.