Birnin mai ziyara daban, na mai biyan haya daban

Malam, barka da arziki tukuna, tayin aiki biyu a lokaci guda ba ƙaramin abu ba ne. Ka ce ɗaya a birnin da kowa ya san sunansa yake, ɗayan kuma a wani matsakaicin gari da sai ka yi wa mutane kwatancensa, kana tambaya ko biranen nan da ake ta zuzutawa sun kai yadda ake faɗa ko suna ne kawai. Tunda ba ka ambaci garuruwan ba, zan ba ka abin da idona ya gani. Na yi shekaru ina aiki a Landan, daga baya na koma Sheffield a arewacin Ingila, aiki kuma ya sha kai ni Dubai da wasu biranen Turai.

Ra'ayina shi ne, wajen neman aiki da gogewa a sana'a, manyan biranen nan sun ci sunansu. Wajen zama kuwa, yawancinsu an yi musu ƙarin gishiri. Mutane suna cakuɗa abubuwan biyu, shi ya sa kake jin wani na cewa aljannar duniya ce, wani na cewa kurkuku ce, alhali gari ɗaya suke magana a kai.

Baƙi ne suke yi wa birni suna. Mutum ya zo hutun mako guda, ya sauka a otal a tsakiyar gari, ya ɗauki hoto a gaban Big Ben, shahararriyar hasumiyar agogon Landan, ya koma gida yana ba da labari. Mazaunin Landan kuwa sai ya shekara bai ga Big Ben ɗin ba, don inda aljihunsa ya ajiye shi can ne bayan gari. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin har ya kai ga likitoci: a shekarun 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan da ke aiki a Faransa, Hiroaki Ota, ya bayyana wata irin ruɗewa da ke kama wasu 'yan ƙasarsa idan suka iso Paris suka tarar ba ita ce ta cikin mujallu ba. To waɗannan ma ziyara suka zo, ina ga wanda ya tattaro komatsansa.

Abin da zai fara gaishe ka shi ne haya, kuma shi ne zai yanke hukuncin sauran rayuwarka a garin. Na taɓa zuwa duba wani ɗaki a Landan, na tarar da layin mutane tun daga matakalar bene har bakin titi, kowa riƙe da takardar shaidar albashi. Dillalin yana shigar da mu rukuni-rukuni, mintuna kaɗan ya ce a fito. Bangon bayan gado an yi masa sabon fenti, amma kana matsawa kusa warin danshi zai buge ka. Kafin in kai tashar jirgi saƙo ya shigo cewa wani ya ƙara kuɗi a kan abin da aka nema, ya karɓe. Masu ba da shawara kan kuɗi suna cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu. A zamana a can, a cikin sa'o'ina da wuya ka samu wanda bai haura haka ba, wasu rabin albashi ne cur. Sayen gida kuwa sai dai hange: matsakaicin kuɗin gida a Landan ya haura ninki 10 na matsakaicin albashin shekara, a yankin Yorkshire inda Sheffield take kuma wajen ninki 6 ne. Don haka idan aka nuna maka albashin babban birni, kada adadin ya ruɗe ka. Cire haya, cire kuɗin jirgi da na rainon yara idan kana da su, abin da ya rage shi ne albashinka.

Wannan ba matsalar Landan ce kaɗai ba. Tsohon birnin Venis na Italiya yana da mazauna kusan 175,000 a 1951, amma a 2022 sun gaza 50,000, gidajen sun koma masaukin baƙi. A 2024 hukumar garin ta fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yawon yini guda a ranakun cunkoso. A shekarar dai magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar da cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake bai wa 'yan yawon buɗe ido, bayan haya ta gagari 'yan gari. Har mazauna suka fito zanga-zanga suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. Sunan da ya ja ka zuwa gari shi ne ya ja miliyoyi irinka, kuma dukkanku ɗaki ɗaya kuke nema.

Daga haya sai hanya, su biyun ba sa rabuwa. Duk abin da ka rage a haya, da lokaci za ka biya shi. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa mutane kusan awa guda suke warewa a yini don zuwa da dawowa. A manyan birane da yawa wannan awar zuwa kaɗai take isa. Layin Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan ba shi da na'urar sanyaya iska, da bazara za ka tsaya goshinka jingine da ƙofa, jakarka tsakanin ƙafafu, jiragen farko su wuce ba ka samu wurin cusa kafaɗa ba. Ka dawo gida bayan isha'i a gajiye. Gidan tarihi na British Museum kyauta ake shiga, gaskiya ne, amma wa yake da sauran ƙarfin zuwa? Ranar Asabar wanki da cefane da barci ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zumunci. Landan gari ne mai mutum kusan miliyan 9, amma abokinka da ke ɗaya gefen kogin da ya ratsa garin sai kun sa rana makonni kafin ku haɗu, kamar masu shirin biki. Mutane kuma ba sa daɗewa, ka saba da maƙwabci yau, baɗi mai gida ya ƙara haya ya tashi. A Sheffield ne na sake sanin daɗin a ƙwanƙwasa maka ƙofa ba tare da an yi waya ba.

Idan birnin a wata ƙasa yake, ka duba takarda kafin ka duba dogayen benaye. Dubai misali ce mai kyau. Ba a cire harajin albashi, akwai tsaro, tituna tsaf. Sai dai kusan kashi 90 cikin 100 na mazaunan baƙi ne, kuma mafi yawansu izinin zamansu a ɗaure yake da aikinsu. Aiki ya ƙare, agogo ya fara bugawa. Na san mutanen da suka haifi 'ya'ya a can, suka girma a can, amma har yau baƙi ne a takarda. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, rayuwa ta koma daga mota zuwa ofis zuwa katafaren kanti. Wuri ne na tara abin da za a tara, wanda ya shiga da wannan niyyar ba ya cizon yatsa.

Kada dai ka ɗauka ina kushe babban birni ne ɗungurungum. Akwai abin da yake da shi wanda ƙaramin gari ba zai taɓa ba ka ba, wato yawan masu neman irin aikinka. A Landan idan kun saɓa da shugabanka, kamfanoni da dama masu irin wannan aikin suna nan a kan layin jirgi ɗaya, ka sauya ofis ba ka sauya gida ba. A matsakaicin gari wataƙila biyu ne ko uku, idan aka sallame ka sai ka kwashe iyali. Ga kuma koyo: zama cikin gwanaye yana wasa mutum ba tare da ya sani ba. Abin da na koya a shekarun farko a can shi nake ci har yanzu, kuma sunan garin a takardar neman aikina shi ya buɗe min ƙofar inda nake. Saurayi marar iyali mai sana'ar kuɗi ko kwamfuta ko fim, ni zan ce masa ya je, ya sha wahalar, ya kwashi abin da ya je nema. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya kuwa, wanda aikinsa ana buƙatarsa a ko'ina kuma ƙarin da ake yi masa a babban birni bai kai ƙarin haya ba, me ya kai shi?

Girman gari ma ba shi ne laifin ba. Tokyo da kewayenta sun kai mutum miliyan 37, amma haya ba ta yi tashin gwauron zabi irin na Landan ko San Francisco ba, saboda doka ta sauƙaƙa gini kuma ana ginawa. Vienna kuwa, babban birnin Austriya, hukumar birnin da kanta ta mallaki gidaje kimanin 220,000, tun shekarun 1920 take ginawa, kuma ita ta zo ta ɗaya a jerin biranen da suka fi daɗin zama na cibiyar binciken mujallar Economist a 2022 da 2023 da 2024. Landan da Paris da New York ko goman farko ba su shiga ba.

Tunda tayin yana hannunka, ka nemi hutun 'yan kwanaki ka je kowanne garin, amma a ranakun aiki, kuma a lokacin da yanayin garin ya fi muni. Kada ka sauka a tsakiyar gari. Ka nemi masauki a unguwar da albashin zai iya riƙe maka, ka tashi da safe ka bi jirgi ko bas zuwa ofishin a daidai lokacin da kowa ke fita. Ka tambayi wanda zai zama abokin aikinka inda yake zaune da abin da yake biya. Idan ka dawo ka gaya mana sana'arka da ko kana da iyali, sai mu san wanne za mu ce ka karɓa.