Za a tashe mu zuwa sabuwar kasuwa: mu biya kuɗin shago ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu, kasuwar da ke ci duk Laraba. Ciyaman ya tara mu ya ce tunda kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, zai gina kasuwar zamani a bayan gari, nisan kilomita 4, kuma kowa ya fara ajiye rabin kuɗin shago. Ya ce da haka gari zai bunƙasa. Hankalin mutanenmu a tashe yake, musamman mata masu kayan miya. Mu biya ko mu dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ku dakata. Kada kowa ya ba da ko sisi sai kun ga takardun da zan ambata.

Gaskiya ne a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gina kasuwa da tasha yana cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu. Amma aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, kuma albashin malaman firamare da ma'aikata ke cinye mafi yawan abin da ke shigowa. In kuɗin suna hannu, me ya sa ake neman naku kafin a aza harsashi? Galibi ma'anarsa ita ce da kuɗinku ɗan kwangila zai yi ginin, kuma in aiki ya tsaya a linta, ku ne da asara.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Tana cikin wannan tunani da ya kama shugabanninmu, cewa gini shi ne ci gaba, wato da an jera shaguna an shafa fenti ciniki zai zo da kansa. Kusan kowane kundin shirin ƙaramar hukuma da za ka buɗe za ka tarar da shi, kuma ya ci dukiyar jama'a ba kaɗan ba.

Abin da ke riƙe kasuwa shi ne mahaɗa: inda mai kaya da mai saye suke haɗuwa da ƙaramin kuɗin mota da ƙaramar wahala. Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa saboda ayarin fatake a nan suke sauka. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana cika ran Alhamis saboda tana bakin iyakar Nijar. Dawanau ta zama cibiyar hatsi saboda dillalai da rumbunan ajiya da manyan motoci sun taru wuri guda. Babu wadda kyan gini ya ɗaukaka. A gefe guda, dubi Tinapa, katafariyar cibiyar kasuwanci da shaƙatawa ta Kalaba a Jihar Kuros Riba, da aka buɗe a 2007: an zuba maƙudan kuɗi, an yi gine-gine na gani na faɗa, amma ba a daidaita da kwastan kan yadda kaya za su shiga su fita ba, kuma manyan jiragen ruwa ba sa samun shiga tashar garin yadda ake buƙata. Mafi yawan wurin ya zauna babu kowa, bashi kuma ya hau kan jiha. In jiha guda da ƙarfinta ta faɗa wannan rami, ina ga ƙaramar hukuma?

Yadda abin ke lalacewa a garuruwa irin naku kusan iri ɗaya ne. Ɗan kwangila yana son mayar da kuɗinsa da wuri, sai ya gina shaguna masu ƙofar ƙarfe zalla, alhali yawancin masu cin kasuwar mako rumfa suke buƙata, ko fili mai inuwa da za su baza kaya. Sai farashi ya fi ƙarfinsu. Yi lissafi da kanka: matar da ke samun ribar naira 3,000 a ranar kasuwa, kasuwa 52 a shekara, ta samu naira 156,000 ke nan. Ka ce ta biya hayar 120,000, sannan ta biya ɗan sahu zuwa da dawowa da kayanta, me ya rage na tuwo? Shagunan sai su faɗa hannun ma'aikata da 'yan siyasa, su kulle suna jiran su yi tsada. Masu ƙaramin ƙarfi su koma bakin titi kusa da tsohon wurin, domin can masu saye suke. Daga nan a turo jami'ai su kwashe musu kaya, a shiga rigima. Kasuwa ta rabu biyu, babu wadda ta cika, manyan masu saye da ke zuwa da tirela su karkata kasuwar maƙwabta, kuɗin shigar da ake fata ya ragu. Kuma in kasuwar mako ta rasa baƙinta na 'yan watanni, dawo da su aiki ne ja.

Kada ku saurari masu cewa ai da an rushe tsohuwar dole kowa ya bi. Mai kaya ake iya tilastawa, mai saye kuwa inda ya ga sauƙi can zai nufa.

Ba na cewa ba a taɓa tashin kasuwa. In ta toshe babbar hanya, ko ambaliya na cinye ta duk damina, ko motar kashe gobara ba ta iya shiga, tashi ya zama dole. Amma akwai tsari. A fara da ƙidaya: Laraba huɗu a jere, biyu lokacin kaka in zai yiwu, a ƙirga motocin da ke shigowa, daga wace hanya, da wane kaya, da yawan masu rumfa da masu baza kaya a ƙasa. A fara mayar da tasha da wurin lodi, sannan 'yan sari da kara (wato kasuwar dabbobi), masu sayar da ɗai-ɗai su zo a ƙarshe. Kafin kowa ya motsa, hanya da magudanar ruwa da rijiyar burtsatse da banɗaki su kammala. Sau da yawa ma, in aka yi waɗannan a tsohuwar kasuwa, aka zuba burji a hanyoyin ƙauyukan da ke kawo kaya, aka rage shingayen karɓar tikiti, ciniki yakan ƙaru da kuɗin da bai kai na sabon gini ba.

Ku rubuta wa majalisar ƙaramar hukuma wasiƙa da sunan ƙungiya, ku nemi ganin kasafin da aka sa aikin a ciki da yarjejeniyar da aka yi da ɗan kwangila. Ku tambayi takardar filin, domin a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 filin da aka ayyana a matsayin na birni gwamna ne ke ba da shi, kuma ku tabbatar an biya masu gonaki diyya. A rubuta ƙarara ko sayarwa ce ko haya, ta shekara nawa, da abin da zai faru da kuɗinku in ba a gama a kan lokaci ba. Ku haɗa jerin sunayen masu rumfa na yanzu, hakimi da sarkin kasuwa su sa hannu, ya zama su za a fara ba wuri, tare da fili mai rufi na mata da ake biya a ranar kasuwa kawai. In an kai ga biya, a biya a asusun hukuma a banki a karɓi rasit, ba asusun wani mutum ba, komai kusancinsa da ciyaman.