Ƙashin muƙamuƙina ya zaizaye, za a iya dasa min haƙori?

Tambaya: Likita, shekaruna 58. Shekara shida ke nan da aka cire min turame biyu na sama. Na je a dasa min wasu, aka ce ƙashin wurin ya yi siriri kuma ba shi da ƙwari. Ina kuma shan maganin raunin ƙashi sau ɗaya a mako. Shin in haƙura ke nan?

Amsa: Hajiya, kada ki fid da rai. Abin da aka gaya miki ba baƙon abu ba ne. Tauna ce ke riƙe ƙashin muƙamuƙi. Da zarar saiwar haƙori ta fita, jiki sai ya fara janye ƙashin wurin. A shekarar farko kaɗai faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi. Ga shi kuma bayan muƙamuƙin sama dama can shi ne mafi taushi, kamar soso yake.

Dashen haƙori ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashi, ƙashin ya girma ya manne mata. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya fara yi wa mutum a 1965. To ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako, shi ya sa ake fara gina ƙashin.

Ana zuba garin ƙashi a gurbin, ko wanda aka ɗebo daga jikinki, ko na saniya da aka tace, ko na haɗin ɗakin gwaji. Sai a lulluɓe shi da wani siririn tantani don kada naman dasashi, wanda ya fi ƙashi saurin tsiro, ya riga shi cike wurin. Garin nan kamar tsani ne, ƙashinki ke hawa kansa a hankali. A turamen sama irin naki akwai kogon iska a saman saiwoyin, sau da yawa sai an ɗaga shimfiɗarsa an cusa garin a ƙarƙashi. Warkewa kan ɗauki wata huɗu zuwa tara, sannan ƙusar ta ƙara wasu watanni kafin a ɗora mata haƙori. Wani lokaci gajeriyar ƙusa mai milimita 6 tana wadatarwa ba tare da wannan doguwar hanya ba. Hoton CBCT, wato hoton da na'ura ke ɗaukar ƙashin ta kowane ɓangare, shi ne zai nuna wanda ya dace da ke.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganin nan naki. Raunin ƙashi shi kaɗai ba ya hana dashe. Amma magunguna irin su alendronate, zoledronate da denosumab suna rage saurin sabunta ƙashi, kuma a wasu mutane ƙalilan ramin tiyata ya ƙi warkewa, ƙashin ya mutu. Haɗarin kaɗan ne ga mai shan ƙwayar maganin, ya fi yawa ga masu karɓar allura mai ƙarfi saboda ciwon daji, yana kuma ƙaruwa da yawan shekarun shan maganin. Don Allah kada ki daina sha da kanki, karayar ƙugu ta fi giɓi muni. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likitan haƙorin, ki faɗa masa shekarar da kika fara, ya tuntuɓi likitan da ya rubuta miki.

In kina da ciwon suga sai ya daidaita tukuna, haka ma ciwon dasashi a fara magance shi. Mai shan taba kuwa, sai ya ajiye ta kafin a taɓa shi.