Hotunan Baba suna cikin 'yar kyamarar nan? Mai gyara ya ce zai fito da su

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Muna kwashe kayansa muka tarar da wata na'urar tafin hannu, Handspring Visor Deluxe, wadda ya zo da ita daga Amurka da ya je kwas a 2001, da 'yar kyamara mai suna eyemodule soke a bayanta. Hajiya ta ce da ita ya ɗauki hotunan sunan ƙanwata, har da kakarmu, wadda ba mu da hotonta ko ɗaya. Batiran ciki sun yi ruwa. Wani mai gyara a kasuwar waya ya ce hotunan suna cikin kyamarar, zai buɗe ta ya yi mata filashin ya fito da su, amma sai na ajiye N40,000. Ya kuma ce in kawo tsohuwar kwamfutar Baba da ke sito ya yi mata fomatin a sayar. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba Hajiya da ku haƙurin rashi.

Kada ka ba da kuɗin nan. Kuma kada kwamfutar nan ta taka ƙofar sito, ko da kyauta za a yi aikin. Idan hoton kaka yana nan a duniya, a cikin wannan kwamfutar da ake so a yi wa fomatin ya fi yiwuwa yake.

Babu hoto ko ɗaya a cikin eyemodule, kuma ba a taɓa ajiye hoto a cikinta ba. Kyamarar ta fito a 2000 don ramin faɗaɗawa na Visor, wanda Handspring ta kira Springboard. Abin da ke cikinta ido ne, da 'yar kwakwalwar sarrafa hoto, da manhajar da ke ɗora kanta a kan Visor da zarar an soka ta. Ana danna maɓalli, hoton ya wuce kai tsaye cikin megabait 8 na Visor Deluxe. Haka PalmPix ta Kodak, wadda ta fito a wannan shekarar don na'urorin tafin hannu na kamfanin Palm, wato Palm III da 'yan'uwanta, take aiki: ita ma na'urar da ta hau take bai wa ajiya. Don haka ko mai gyaran ya farke kyamarar gida biyu, ba abin da zai samu sai fasa muku abin tunawa da Baba.

To Visor ɗin fa? A nan nake so ka ba ni hankalinka, domin wannan ruɗun kullum nake fama da shi, har da masu digiri a fannin.

Mutane sun saba da wayar yanzu da katin memori, inda batir zai mutu shekara biyu ka yi caji ka tarar da komai yana nan. Sai suka ɗauka haka kowace na'ura take tun fil azal. Visor ba ta da irin wannan ma'ajiyar don bayanan mai ita. Lambobin waya, jadawalin rana, hotuna, duk a cikin RAM suke zaune, wato ma'ajiyar da ba ta riƙe bayani sai da wuta, kuma batiran AAA biyu ne ke riƙe su dare da rana, ko na'urar tana kashe. Irin wannan RAM kamar tulu mai yoyo ne: kowane ɗigon bayani caji ne ɗan mitsitsi da ke zurarewa, dole a riƙa ƙara shi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Aka daina ƙarawa, tulu ya bushe. Shi ya sa masu Palm da Visor na lokacin suke sauya batir da hanzari kamar ana korarsu, saboda ɗan abin riƙe caji da ke ciki minti ɗaya ko kusa da haka yake iya tallafawa. Sai a 2004, da Tungsten T5 da Treo 650, Palm ta koma ma'ajiyar da ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Taku ta girme su.

Batiran Baba ba mutuwa kawai suka yi ba, har sun yi ruwa. Abin da ke cikin RAM ɗin ya tafi tun shekarun da ƙanwarka ke rarrafe. Na san maganar ba daɗi, amma gara ka ji ta daga bakina kyauta da ka saye ta N40,000.

Za a ce maka, ai akwai manhajar dawo da abin da aka goge. Akwai, ni ma da ita nake cin abinci. Amma tana aiki ne a kan katin memori da babban faifan kwamfuta, inda gogewa take nufin an cire sunan fayil daga rajista alhali jikinsa yana kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. A RAM ɗin da ya rasa wuta babu rajista, babu jiki. Ba ɓoyewa bayanin ya yi ba, babu shi ne.

Shi kuwa filashin, wannan kalma ta zama maganin kowace cuta a kasuwa, ciwon kai filashin, ciwon ciki filashin. Filashin rubuta sabuwar manhaja ne a kan na'ura. Aikinsa shafewa ne, ba tonowa ba. Ban taɓa ganin hoton da filashin ya dawo da shi ba, amma na ga ɗaruruwan da ya kashe. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da wayar mijinta marigayi bayan an yi mata filashin don "a buɗe kulle". An buɗe kam, fes, ba ko saƙo ɗaya. Tana kuka, yaron da ya yi aikin yana cewa ai wayar ta tashi. Kuma a kan Visor Deluxe ma maganar ba ta da ƙafa, domin manhajarta a ROM ɗin da ba a sake rubutawa take, babu abin da za a filasha. Abin da zai faru na san shi tun yanzu. Zai goge wurin batir, ya sa sababbi, ya soka kyamara, manhajar eyemodule ta bayyana da kanta kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Ya juyo maka sikirin ya ce ka gani, ta tashi, saura kaɗan, a ƙaro dubu goma na "sofwaya". Bayan mako biyu a ce maka bairos ya cinye hotunan. Ba duk masu gyara ne macuta ba, da yawa rashin sani ne, ba su taɓa riƙe na'urar da ta girme su ba, kuma kunyar cewa "ban sani ba" ta fi musu asarar kayan mutane nauyi. Sai dai ko da sani ko ba sani, kai za ka yi asara.

Yanzu ga inda nake da fata, kuma fatan ba na lallashi ba ne. Eyemodule ta farko tana ɗaukar hoto mai launi har fiksel 320 a 240, amma sikirin Visor Deluxe fari da baƙi ne, 160 a 160. Wanda ya ɗauki hoton suna yana son ya ga launin zanen jarirai, dole ya ɗora na'urar a kan mazauninta na USB ya danna HotSync ya tura kwamfuta. Duk wanda ya yi wata biyu da Visor ma ya koyi yin hakan, domin sau ɗaya batir ke yi maka tsiya ka shiga hankalinka. Idan Baba ya yi, hotunan sun sauka a kwamfuta a matsayin JPEG, kuma Palm Desktop, manhajar kwamfuta da ke aiki da Visor, tana ajiye kwafin bayanan na'urar a folda mai gajeren sunan mai ita, a cikin wata folda Backup, fayilolin suna ƙarewa da .pdb.

Kada ka kunna kwamfutar don gwaji. Injin da ya yi shekara ashirin a ƙura yana iya ƙone faifan a kunnawar farko. A ciro babban faifan, wanda kusan tabbas irin IDE ne mai faffaɗan kebul, a haɗa shi da wata kwamfuta ta adaftar IDE zuwa USB, a kwafe shi gaba ɗaya kana tsaye a wurin. Idan Windows ta ce faifan yana buƙatar fomatin, amsar a'a ce, ko sau nawa ta tambaya. Idan ka ji yana ƙas-ƙas, a cire wuta nan take, wannan aikin masu ɗakin ceto bayanai ne, ba na teburin bakin titi ba. A cikin kwafin, ba a ainihin faifan ba, za a nemi duk JPEG na 2001 da 2002, da foldar Handspring ko Palm. Ko an taɓa goge su, a nan manhajar dawo da fayil take da amfani na gaske.

Ka sake bincika jakar Baba da durowarsa. Handspring ta sayar da wani kati na ramin Springboard mai suna Backup Module, da wani na ajiya mai megabait 8. Su ba ruwansu da batir, abin da aka zuba musu yana iya kasancewa har yau. In ka samu mai Backup, ka yi hattara sosai: yana ba da zaɓi biyu, adanawa da maidowa. Ka soka shi a Visor da ba komai a cikinta ka danna adanawa, ka shafe ajiyar Baba da hannunka. Maidowa kaɗai ake taɓawa, da sababbin batira a ciki, sannan a yi HotSync nan da nan da wata kwamfuta, ba ta Baba ba. Ka duba faifan CD da filofi ma, ka kuma tambayi abokan kwas ɗinsa ko ya taɓa tura musu hoto ta imel.

Batiran da suka yi ruwa ka cire su yau. Farin garin da suka zubar yana cin fata, kada ya shiga ido. Auduga a tsinke da ɗan ruwan lemun tsami ko binega ta isa goge ƙarafan, a bar su su bushe sarai. Mai yiwuwa Visor ta tashi, kyamarar ma ta yi aiki, ka ɗauki Hajiya da ita. In an samu hoton kaka a faifan, ka sani 320 a 240 ƙarami ne, a wanke shi kamar girman fasfo ko sama da haka kaɗan. Za a ba ka shawarar a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta "gyara" fuskar. Ka ajiye na asalin a wuri uku kafin kowa ya taɓa shi, domin manhajar ƙago idanu da hanci take yi daga fuskokin wasu mutane, kuma Hajiya ce kaɗai za ta iya gaya maka ko wadda ta fito ɗin kaka ce.