Ta ce wai ina "bow and scrape" a gaban manaja

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani a Kano. Wata abokiyar aikina da ta yi karatu a Ingila ce ta hana ni sakat. Manaja ya shigo, na miƙe na rusuna na gaishe shi, yana fita ta ce wai ni kullum sai "bow and scrape". A gaban kowa, aka kwashe da dariya. Ban san ma'anarsa ba, amma na san ba yabo ba ne. Anti, gaisuwa laifi ce? Mutumin nan sa'an mahaifina ne, ba a yi mini tarbiyyar tsayawa ƙiƙam a kan babba ba. Ko ranar da ya sa hannu a bocar kuɗin dizal, wato takardar izinin biya, sau biyu, "to ranka ya daɗe" kawai na ce, don ban iya musu da manya ba. Amma ita sai kallon banza. A gaban kowa fa, har da masinja. In kai ƙararta ne, ko in daina gaisuwar?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Ban ji ta bakinta ba, don haka ba zan yanke mata hukunci ba. Maganar ta samo asali ne daga gaisuwar fada ta Turawa a ƙarni na 17: namiji ya sunkuya, ya ja ƙafar dama baya tana gogar ƙasa, hannu ɗaya a kan ciki, ɗayan a miƙe gefe. "Bow" shi ne sunkuyawar, "scrape" gogar ƙasar. Yau fadanci ake nufi da ita, wato kwantar da kai fiye da kima don neman shiga ko don tsoro. Rusunawarki ba ta cikin wannan, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ki daina.

Amma bocar dizal ɗin nan da kika ambata kika wuce, nan maganarta ta same ki, kuma gaskiyarta ce. Kin ga za a biya kuɗi ɗaya sau biyu kika yi shiru. Ran da masu binciken kuɗi suka gwada littafinku da bayanin banki, wadda ta shirya bocar za su fara nema, ke ke nan.

Gobe ki ɗauko bocar biyu, ki gwada lambar takardar neman biya, kwanan wata da adadin kuɗin. Idan na biyun bai fita ba, a tsayar da shi, a soke bocar. Idan ya fita, a rubuta wa mai kawo man ya mayar, ko a cire daga biya na gaba. Ki sanar da manaja a rubuce, cikin ladabinki, ki ajiye kwafi.

Iyaye, ku ji: muna koya wa yara gaida babba, ba ma koya musu yadda ake ce masa "ranka ya daɗe, a sake duba nan". Wannan gazawarmu ce.

Ƙara kuwa, kada ki kai. Ki same ta ita kaɗai, ki ce in ta ga gyara ta faɗa miki a keɓe.